Torrent a intanet ɗin jami'a: akwai haɗari?

Ka tambaya ko akwai matsala idan ka riƙa sauke finafinai da manhajoji ta BitTorrent (hanyar musayar fayiloli kai tsaye tsakanin kwamfutocin mutane) da intanet ɗin makaranta. Ɗan'uwa, akwai.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba: yayin da kake saukewa, kwamfutarka ma tana tura gutsattsarin fayil ɗin ga wasu. Kai ma ka zama mai rarrabawa ke nan. Kuma duk wanda ke kan wannan fayil yana ganin lambar IP ɗinka (adireshin da ake gane ka da shi a intanet) ƙuru-ƙuru, har da wakilan masu haƙƙin mallaka. Su aiko wa jami'a ƙorafi, ita kuwa ta san da sunan wa aka shiga. A Amurka, a 2009, kotu ta ci wani ɗalibin Jami'ar Boston tarar dala 675,000 kan saukewa da rarraba waƙoƙi 30 kacal.

Ni dai abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙwayar cutar kwamfuta. Ka ga fayil da sunan fim amma ƙarshensa .exe? Kada ka taɓa shi, manhaja ce ba fim ba. Wani irin wannan fayil yana kulle duk abin da ke cikin kwamfuta sai an biya kuɗin fansa, har da kundin bincikenka da ka yi wata shida kana rubutawa.