Sara, Suka da Rubdugu: Hausar Faɗa da Taron Maƙiya a Wasan Bidiyo

Tambayoyin wannan makon daga masu buga wasan bidiyo suka fito, irin wasannin nan da mutum yake ɗaukar jarumi ɗaya ya shiga duniyar dodanni da matsafa, yana ƙara ƙarfi mataki-mataki.

Wani mai karatu daga Kano ya ce: Malam, a wasan Baldur's Gate 3 akwai salon bugu mai suna Cleave, inda jarumi zai kai sara sau ɗaya ya sami mutum uku. Daidai ne in ce "ya sassare su"?

Ɗan'uwa, ba daidai ba ne. Idan Bahaushe ya ninka gaɓar farko ta aikatau, kamar sara ya koma sassara, buga ya koma bubbuga, kashe ya koma karkashe, yana nufin aikin ya maimaitu, ko dai a kan abu ɗaya sau da yawa, ko a kan abubuwa da yawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sassare mutum uku ya ɗaga hannunsa aƙalla sau uku. Abin da kake tambaya kuwa ɗaga hannu ɗaya ne. Don haka sai ka ce "ya kwashe su da sara ɗaya", ko "ya share su da gatari". Ni na fi son share, domin hannun mai shara yana tafiya a gicciye ne, daga gefe zuwa gefe, kuma haka makamin yake tafiya.

"Ya sassare su" tana da gurbinta a wasan. Mayaƙin da ake kira Fighter yana samun hari na biyu a mataki na 5, na uku a mataki na 11, kuma yana iya raba su ga mutane daban-daban. Wannan shi ne sassarawa.

Bambancin ya wuce na nahawu. A wannan wasa, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023, saran shara yana samun mutum uku iyaka, kowannensu rabin ɓarnar makamin yake sha, kuma ba a maimaita shi sai an yi ɗan gajeren hutu. A ce gatarinka yana cin maki 12 daga jinin maƙiyi. In ka share mutum uku, kowa ya sha 6, jimilla 18, ka ci riba. In biyu ne, 12 ne, ba ci ba asara. In ɗaya ne, ka zubar da rabi a banza. Ko ribar nan ta 18 a duba ta da kyau: mutum uku masu rauni duk za su rama, amma wanda ya faɗi ba ya ramawa. Saboda haka shara ta fi amfani a kan ƙananan maƙiya da jininsu ya kusa ƙarewa.

Wata ɗaliba daga Zariya ta ce: Mene ne bambancin sara da suka? Kuma wanne ya fi idan maƙiya sun yi yawa?

'Yata, sara aikin kaifi ne, suka aikin tsini. Takobi da gatari da barandami da adda suna sara. Mashi da kibiya suna suka. Kulki da gora kuwa duka suke yi, don ba su da kaifi ba su da tsini. Shi ya sa ba a cewa an sare shi da mashi.

Wanne ya fi, wuri ne yake yanke hukunci. Sara yana son fili. A wasan Skyrim na 2011, idan gwanintarka a makamin hannu biyu ta kai 70, kina iya buɗe baiwar Sweep, wadda take sa saran ƙarfi na gefe ya sami duk wanda yake gabanki. Amma ki shiga lungu a Dark Souls, wasan kamfanin FromSoftware na Japan wanda shi ma ya fito a 2011, ki kai irin wannan sara da dogon takobi, bango zai fara samu. Makamin ya yi tsalle ya dawo, ki tsaya a buɗe, a huce a kanki. A nan mashi ne sarki, domin yana tafiya a miƙe, kuma ana iya suka da shi garkuwa tana ɗage.

Wani daga Maraɗi ya ce: Salon da jarumi yake juyawa da makami yana saran duk wanda ya matso, me za a kira shi?

Iri biyu ne. Na Diablo II, wasan shekarar 2000, wanda mayaƙin Barbarian yake samu a mataki na 30, yana ratsa taro ne daga wannan wuri zuwa wancan yana juyi, don haka guguwa ta dace da shi, kuma ma'anar sunansa na Turanci, Whirlwind, ke nan tun asali. Na The Witcher 3 kuwa, wanda jarumin wasan, Geralt, yake yi, ya fi kama da katantanwar da yara suke murzawa: yana juyi yana ɗan matsawa, yana cin kuzarinsa, in ya ƙare ya tsaya. Sai a ce saran katantanwa.

Kada dai a kira shi sara kan mai uwa da wabi, sai in har yana samun na gida. Wannan magana tana nufin aikin da bai tantance kowa ba. A Skyrim ta dace sarai, domin abokin tafiyarka in ya durƙusa don rauni maƙiya kan rabu da shi, amma saranka kai yana iya ƙarasa shi.

Wani daga Jos ya ce: Taron dangi da rubdugu da ƙawanya duk ɗaya ne? Kuma "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" tana aiki a wasan da mutum ɗaya yake karkashe ɗaruruwa?

Ba ɗaya ba ne. Taron dangi yana magana a kan haɗin baki: mutane da yawa sun haɗu a kan mutum ɗaya, ko da bi da bi suke zuwa. Rubdugu yana magana a kan lokaci: sun afka masa gaba ɗaya, sun yi masa ca. Ƙawanya kuwa maganar wuri ce: sun kewaye shi, ba mafita. Kishiyarsu duka ita ce fito-na-fito.

Karin maganar tana aiki a wasu wasannin, a wasu ba ta aiki. A Diablo an gina wasan ne don sarkin ƙarfi ya yi ta share taro. A Dark Souls kuwa kamar don ita aka yi wasan. Sara da tare bugu da garkuwa da mirginawa duk daga koren ma'aunin kuzari ɗaya suke ci. Maƙiyi ɗaya yana ba ka sararin da ma'aunin zai cika tsakanin bugu da bugu. Uku ba sa bayarwa: kana tare na farko na biyu ya sauke, kuzari ya ƙare, garkuwa ta buɗe. Ga kuma matsalar kafa ido a kan maƙiyi ɗaya, wadda take juya kyamara gare shi ta bar sauran a bayanka. Misalin da kowa ya sani shi ne Capra Demon, dodon da yake jira a wani ƙuntataccen wuri tare da karnuka biyu. Karnukan ba su da wani ƙarfi, amma su ne suke tare ka har dodon ya sauke addunansa. Dabarar ita ce ka haye matakalar da take wurin, ka fara gamawa da karnukan, sannan ka fuskanci ubangidansu. Yawa shi kan sa zare ya ja dutse, in ji Hausawa, kuma karnukan nan su ne zaren.

Maganin rubdugu shi ne a mai da shi fito-na-fito: ka jawo ɗaya da kibiya ko wuƙar jifa, ko ka koma bakin ƙofa inda mutum ɗaya ne kawai zai iya shigowa.

Mai tambayar ya ƙara da cewa: To wannan ja da bayan ba ragwanci ba ne? Ai karin magana ma ta ce "ja da baya ga rago".

A nan rubutun boko ne ya ruɗe ka, domin ba ya nuna tsawon wasali. Ragon karin maganar shi ne na layya, mai dogon wasali a gaɓar farko, jam'insa raguna. Ragon da ba ya son aiki gajeren wasali gare shi, jam'insa ragwaye, kuma Sakkwatawa raggo suke cewa, sun huta da ruɗanin. Cikakkiyar maganar ita ce "ja da baya ga rago ba tsoro ba ne", domin duk wanda ya ga raguna suna karo ya san sai sun ja da baya suke samun zafin tunkuyi. A wasa, taku uku ko huɗu da ka yi baya su ne suke cika ma'aunin kuzari, kuma su ne suke sa mai saurin cikin maƙiyan ya riga sauran isowa, ka same shi shi kaɗai.