Tambaya da Amsa: Littattafan mabiya Budda sun sha bamban, to me ya haɗa su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, an ba mu aiki kan addinan Asiya. Na ga mabiya Budda na Tailan suna da nasu littattafan, na Sin da Japan suna da nasu, na Tibet ma haka. Kamar mazhabobinmu ne, ko suna kawai suka haɗa?
Mai karatu daga Domayo, Marwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwatancen mazhabobi zai taimaka maka, amma kada ka sake masa jiki. Malikiyya da Shafi'iyya Alƙur'ani ɗaya suke karantawa, su kuwa mabiya Budda ba su da littafi guda da kowa ya amince da shi. Kundi uku ne manya. Na harshen Pali, wato Tipitaka ko "kwanduna uku", shi ne na ɗariƙar Terabada a Siri Lanka, Tailan, Bama, Laos da Kambodiya. An daɗe ana haddace shi kafin a rubuta shi a Siri Lanka, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a kan ganyen wani itace dangin giginya. Ɗariƙar Mahayana ta Sin, Koriya, Japan da Biyetnam tana da kundin Sinanci, wanda fitaccen bugunsa, Taisho, ya fito a Japan tsakanin 1924 da 1934 a juzu'i 100. Tibet kuma tana da Kangyur (maganganun Budda) da Tengyur (sharhinsu).

Inda za ka taɓa haɗin da hannunka shi ne dokokin bikku, mutanen da suka bar aure da dukiya suka sa mayafi. Na Terabada suna bin doka 227, na Sin 250, na Tibet 253. Bambancin ya fi yawa a ƙananan ladubba irin su ɗaura mayafi da zaman cin abinci. Manyan laifuka huɗu da ke korar mutum har abada kuwa iri ɗaya ne a duka ukun: saduwa, sata, kashe ɗan Adam, da yin ƙaryar kai wa wani matsayi na ruhi. A ganinmu wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin littattafai ne da suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasashe da harsuna daban, amma gindinsu bai motsa ba. Haka tsoffin huɗubobi: Nikaya na Pali da Agama na Sinanci da yawansu sun yi daidai, wani lokaci har jerin magana.

Kowane mabiyin Budda yana neman mafaka wajen abu uku: Budda, koyarwarsa da jama'arsa. Kowa ya riƙe gaskiya huɗu da aka ce ya fara bayyanawa a Sarnat, kusa da Baranasi: akwai wahala, kwaɗayi ne tushenta, tana iya ƙarewa, akwai hanyar ƙarar da ita. Hanyar rassa takwas gare ta, kuma haddarsu ta fi sauƙi idan ka kasa su uku. Ɗa'a ta ƙunshi magana, aiki da sana'a. Horon zuciya ya ƙunshi himma, lura da natsuwa. Hikima kuma fahimta da niyya. Mai iyali yana ɗaukar alkawari biyar: barin kisa, sata, lalata, ƙarya da kayan maye. Dukkan ɗariƙun sun tafi a kan cewa babu abin da ke dawwama, kuma ba su yarda da Mahalicci ba. Ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro, don nan ne suka yi hannun riga da Musulunci da Kiristanci.

Saɓaninsu ma na gaske ne. Terabada ba ta ɗaukar huɗubobin Mahayana a matsayin maganar Budda. Burinta mutum ya zama arahant, ya kuɓuta daga sake haihuwarsa bayan mutuwa, Mahayana kuwa ta fifita bodisatwa, mai neman wayewa domin ceton dukkan masu rai.

Kurakurai biyu sukan ci wa ɗalibai maki. Dalai Lama ba shugaban mabiya Budda na duniya ba ne, babban malami ne na ɗariƙar Gelug ta Tibet. Gunkin nan mai tumbi yana dariya da ake gani a gidajen abincin Sinawa shi ma ba Siddarta Gautama, wato Budda na asali, ba ne. Budai ne, wani bikku na Sin da ake dangantawa da ƙarni na 10.