Man Kolmani zai sauko da farashin fetur?

Malam, ka tambaya ko man Kolmani zai sa fetur ya yi araha a Gombe da Bauchi. Kada ka sa rai. Buhari ya ƙaddamar da haƙar a Nuwamba 2022, a yankin Kolmani da ke tsakanin Alkaleri ta Bauchi da Akko ta Gombe, amma ɗanyen mai ne, sai ya bi ta matata kafin ya shiga tankin ɗan acaɓa. Tun da Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, farashin lita dala yake bi, ga kuɗin dakon tanka daga kudu. Ko mutanen Fatakwal, da ke yankin da ake haƙar mai, ba su saye da araha.

Rabon jihohin biyu, in an fara sayarwa, aƙalla kaso 13 cikin 100 ne na kuɗin man, wanda tsarin mulkin 1999 ya tanada wa jihar da aka haƙo mai a cikinta. Shi ya sa tun yanzu ake jayayyar wace jiha ce mai rijiyar.