Amsa: Yadda muke shirya tseren doki na karta a Gusau

Ɗan uwa, ka tambayi yadda ake jera wasan nan da kuma abin da ake zubawa. Mu dai a majalisarmu ba a sa kuɗi, don caca haramun ce, kuma Zamfara ta fara aiki da shari'a tun 2000. Marfin kwalbar lemo muke rabawa, kowa 30.

Dawaki 11 ne, daga lamba 2 zuwa 12, a kan kwali aka zana musu layi. Cikin karta a cire A da K da joka, saura 44. J ce 11, Q kuma 12. Kafin a raba kartar, a jefa 'ya'yan ludo biyu har lambobi huɗu daban su fito. Waɗannan dawakin sun gurgunce ke nan. Na farko tararsa marfi 1, na huɗu 4, duk mai riƙe da katinsu ya biya, haka ma wanda ya jefo lambarsu daga baya.

Inda mutane ke kuskure shi ne tsawon layi. Cikin hanyoyi 36 da 'ya'yan ludo ke faɗuwa, 6 suna ba da 7, amma 2 da 12 hanya ɗaya tak. To tunda dokin da lambarsa ta fito shi ke matsawa gaba, dole layin 7 ya fi kowane tsawo. Mun taɓa yin layukan duka tsawo ɗaya, wallahi doki 7 ya cinye dare gaba ɗaya, har wani ya yi fushi ya naɗe tabarmarsa.

Dokin da ya fara isa ƙarshen layinsa, a kasa marafan gida huɗu, kowane katinsa kaso ɗaya. Ɗan ludon da ya gangara bayan tabarma, a sake jefawa.