Amsa ga ƙanwata da mai kaya ya riƙe wa la'ada ya daina ɗaga waya

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya fito miki da haƙƙinki. Idan na fahimce ki daidai, kina tallata wa wani mai shago atamfa da leshi ta waya, kun yi da shi duk wanda kika kawo ya saya zai baki kashi 5 cikin 100, kin kawo masa masu ankon biki sun kwashi kaya masu yawa har la'adarki ta kai N180,000, yanzu wata na uku kenan in kin kira ba ya ɗagawa, in kin tura saƙo ya karanta ya yi shiru, kina tambayar ko ki kai shi wajen 'yan sanda ne ko ki tona masa asiri a Facebook. To na daɗe a wannan sana'ar ta haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma an sha yi min irin wannan, shi yasa zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Da farko dai duka biyun nan da kika ambata ki ajiye su tukuna, zan dawo kansu. Abin da nake so ki gane shine mutumin nan bai ce ba zai biya ba, shiru kawai ya yi, kuma yana yin shirun ne saboda har yanzu shirun bai jawo masa asarar komai ba. Kina tura "salam Alhaji ina jiranka", "Alhaji dan Allah ka taimaka", shi kuwa ya duba ya mayar da waya aljihu ya ci gaba da cinikinsa. Yana da mai gidan haya, yana da wanda ya ba shi kaya bashi daga Legas, yana da kuɗin makarantar yara, duk waɗannan in ya share su akwai abin da zai biyo baya, ke kaɗai ce in ya share ki ba abin da ke faruwa. Aikinki yanzu shine ki sa ya gane share ki ma akwai abin da zai biyo baya, amma cikin mutunci, ba zagi ba hayaniya. Kuma dan Allah ki daina cewa "ka taimaka", ba taimako kike nema ba, guminki ne. Annabi (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, don haka ba ke ce ya kamata ki ji kunya ba.

Yau ɗin nan tun kafin ki sake yi masa magana, ki tattara hujjojinki. Ki shiga hirarku ta WhatsApp ki ɗauki hoton duk inda aka yi maganar kashi 5 ɗin, da inda kika tura masa lambar kwastoma, da inda ya ce sun zo ko sun biya, saƙon murya ma ki adana shi kar ki raina shi. Akwai wajen da ake fitar da hirar gaba ɗaya a tura ta imel, ki yi hakan, domin wasu da zarar sun ga magana ta fara zafi sai su kunna saƙo mai ɓacewa ko su yi bulokin ɗinki. In ya taɓa turo miki la'adar wani ciniki a baya, ki ciro bayanan akawun ɗinki na banki ko Opay ko Moniepoint, duk wanda kike amfani da shi, wannan tsohon alat ɗin shaida ne babba cewa dama akwai tsari tsakaninku. Wayar ma ki kula da ita kar ki sayar kar ki goge komai, don dokar shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi hujjar da ta fito daga waya ko kwamfuta a kotu in an cika sharuɗɗanta.

Sannan ki kira matar da kika kawo cikin masu ankon nan, cikin hikima, kamar dai kina tambayar ya kaya sun yi kyau, ki ji ko sun gama biyansa duka. Wannan tsakani da Allah adalci ne gare shi, domin na taɓa ganin inda mai kaya ya yi shiru ashe masu ankon ne suka biya rabi suka riƙe rabi, shi kuma nauyi ya hana shi faɗa. In sun gama biya ki roƙe ta ta turo miki risiti ko hoton tiransifa, amma kar ki jawo ta cikin rigimar, kwastomarki ce, gobe ma kina buƙatarta.

Daga nan sai ki tura masa saƙo guda ɗaya tak, a rubuce, ba na murya ba. Misali: "Salamu alaikum Alhaji. Lissafin la'adata na kayan da su Hajiya suka saya ya kama N180,000 a kan kashi 5 da muka yi. In lissafinka ya bambanta da nawa ka sanar da ni. Ina so a biya zuwa ranar Juma'a mai zuwa, ga lambar akawun ɗina. In ba zai yiwu gaba ɗaya ba ka faɗa min nawa za ka fara bayarwa da ranar da za ka cika." Shikenan, ba kuka, ba Allah Ya isa, ba dogon tarihi. Kin ga wannan jimlar ta "in lissafinka ya bambanta", ita ce mai aikin. Yawancinsu ba sa iya jurewa, sai ya amsa ya ce ai ba 180 ba ne 150 ne, ko ya ce ki yi haƙuri sai ƙarshen wata, to da ya rubuta haka ya amsa da bakinsa cewa kina binsa, maganar ta tashi daga ko akwai bashi ta koma nawa ne. Ki ɗauki hoton amsar nan take. Bayan kin tura kuma ki kame bakinki har ranar ta cika, kar ki bi shi da "ka ga saƙona?"

In ranar ta wuce bai motsa ba, nan ne wajen da a ganina ya fi ko'ina amfani a ƙasarmu, kuma mu masu aiki ta waya mun cika mantawa da shi: ki nemo wanda yake jin nauyinsa. Duk ɗan kasuwa yana da uban gidan da ya yaye shi, ko shugaban layinsu, ko ƙungiyar 'yan kasuwarsu, ko limamin masallacin da yake sallah, ko yayansa. A manyan kasuwanni irin Kantin Kwari sunan mutum shine jarinsa, domin kaya a kan amana ake ba shi ya sayar ya kawo kuɗi, ranar da aka fara cewa wane yana cinye haƙƙin masu kawo masa ciniki to masu ba shi kaya ma za su fara ja baya, kuma ya fi ki sanin haka.

Wani mai shadda ya taɓa yi min irin naki sak, na kawo masa baƙi daga Maraɗi suka yi sayayya mai kauri, daga nan wayarsa ta daina shiga in ni ce. Na ɗauki ƙanina muka je kasuwa, ban ko leƙa shagonsa ba, na tambayi yaran layin waye uban gidansa aka nuna min wani dattijo. Na gaishe shi na zauna, na miƙa masa wayata ya sa tabarau ya karanta hirar a nutse har ƙasa, bai ce min komai ba sai ya aiki yaro ya kira shi. Da ya zo ya gan ni zaune a kan benci sai da fuskarsa ta canza. Dattijon nan bai ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi masa, "yarinyar nan tana binka ko ba ta binka?" Ya sunkuyar da kai ya ce tana bi. Sai ya jawo wani tsohon risiti ya juya bayansa, ya ciro biro daga aljihun gaba, ya rubuta adadin da ranakun da za a biya kashi uku, ya ce ya sa hannu, ni ma na sa, ya ninke takardar ya saka a aljihunsa ya ce kuɗin ta hannunsa za su riƙa biyowa. Kason farko tun ban bar kasuwar ba ya shigo. Abin da na lura da shi a ranar, da na shiga da faɗa da tuni an koma ba shi haƙuri ana cewa ba ni da kunya, amma da na je da ladabi da hujja a hannu sai dattijon ya ɗauki maganar kamar tasa. Kuma kar ki je ke kaɗai, ki tafi da mijinki ko yayanki ko wani babba, don a samu shaida kuma don kar a raina ki.

In an ce zai biya kaɗan-kaɗan ki karɓa, bashi hanji ne yana cikin kowa, wataƙila da gaske kasuwa ta juya masa baya. Sharaɗin kawai a rubuta, da rana da adadi da shaida. Ko an nemi ki yafe wani abu a kai, ki duba, N160,000 a hannu wannan watan ya fi N180,000 da za ki yi shekara kina bi, amma ke za ki yanke, kar a yafe da bakinki. In kina Kano kuma ba ki samu wani babba a kansa ba, Hisbah ma suna zaman sulhu a kan irin wannan.

To akwai wanda ba shi da wanda yake jin nauyi, musamman waɗanda kuka haɗu a intanet kawai, ko masu ɗan kamfani a Abuja ko Legas. Irin waɗannan takarda suke jin tsoro. Ki rubuta takardar neman biya, da sunansa da adadin da dalilin bashin da wa'adin kwana 14, a kai masa hannu da hannu ya sa hannu a kwafi, ki kuma tura hotonta ta WhatsApp. In da hali lauya ya rubuta a kan takardar ofishinsa, kuɗin rubuta wasiƙa ba kamar na tsayawa shari'a ba ne, kuma na ga mutane da yawa da suka yi watanni suna shiru amma ganin hatimin lauya ya sa suka kira da kansu. In ba ki san adireshinsa ba amma yana da rajistar kasuwanci, ki bincika sunan a shafin CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista.

In wannan ma bai yi ba sai kotu, kuma kar kalmar ta firgita ki. Akwai kotun ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo baya, wasu jihohin ma sun buɗe, a ƙarƙashin kotun majistare take, an yi ta ne musamman don irin kuɗinki, ba dole sai da lauya ba, fom za ki cike a wajen rajistara, kuma tsarinta shine a gama shari'a cikin kwana 60. Su ma abin da za su fara tambaya shine kin aika masa takardar neman biya? Shi yasa na ce ki riƙe kwafi. In ku duka Musulmi ne kina iya zuwa kotun shari'ar Musulunci, can ma ƙa'idar a fili take, hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Sai dai ki sani dole ki san inda za a kai masa sammaci, kuma hukunci daban karɓar kuɗi daban, wani sai an koma kotu ta ba da umarnin a cire daga akawun ɗinsa na banki. Da N10,000 ce da na ce ki bar shi da Allah ki daina masa aiki, amma N180,000 ta cancanci wahalar. Kar kuma ki bari ya kwana da yawa, bashi irin wannan yana da wa'adin kai ƙara, a jihohi da yawa shekara 6, wasu 5.

Maganar 'yan sanda kuwa, ƙanwata ban baki shawara ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ba aikinsu ba ne karɓo bashi. In kika sa aka tsare shi yana iya juyowa ya kai ki ƙara a kan tauye masa haƙƙi, ki koma ke ake bi. Ya bambanta in tun asali damfara ce, kamar ya yi amfani da sunan ƙarya ko shagon da babu shi, wannan laifi ne, amma naki ba haka yake ba. Shi kuma sanya hotonsa a Facebook ko sitatus da rubuta "ɓarawo", wallahi na san zuciya tana raya miki, ni ma ta sha raya min, amma da kin yi kin ba shi makami, zai daina maganar kuɗinki ya koma maganar ɓata suna, ga dokar laifukan intanet ta 2015 da ake yawan jawo wa mutane a kan rubutu irin wannan. Kuma sauran masu kaya da ke kallo za su fara tsoron aiki da ke, alhali ke aka zalunta.

Nan gaba kuma duk wanda za ki yi wa talla, komai kusancinku, kafin ki miƙa lambar kwastoma ki tura masa a rubuce: kashi kaza, a kan kowane ciniki, za a biya cikin kwana kaza bayan mai saye ya biya, ya amsa da "na yarda". Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, don haka wanda ya ce miki "haba ba ki yarda da ni ba ne" ki ce masa umarni ne kike bi. In ciniki babba ne irin na anko, ki sa a turo la'adarki a ranar da kuɗin suka shiga, kar ki bari ta taru ta yi nauyin da zai ji ƙyashin fitarwa.

Ki faɗa min abu biyu in kin samu dama, maganar kashi 5 ɗin a rubuce take ko a baki kuka yi, kuma a wace jiha shagon nasa yake. In a baki ne to saƙon nan na "in lissafinka ya bambanta" shi za ki fara turawa yau, kafin ya ji labarin kina shirin zuwa wajen kowa.