Na mayar da hotona 16-bit amma layi-layin bai tafi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar hotunan biki. Duk sa'ad da na gyara su a Photoshop, sai sararin sama ko labulen bayan amarya ya yi layi-layi maimakon ya tafi sumul. An ce in mayar da hoton 16-bit, na yi, ban ga canji ba. Ga shi an riga an biya ni kuɗin albam, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, akwai gyara. Ƙarancin matakan launi ne ya jawo. JPEG, wato matsattsen hoton da kyamara ke fitarwa, 8-bit ne, wato ja da kore da shuɗi kowanne mataki 256 kawai gare shi. Da ka ja Curves, abin daidaita haske da duhu a Photoshop, da ƙarfi sai matakan su ware, ido ya ga gaɓar da ke tsakaninsu.

Shawarar da aka ba ka kuwa, kusan kullum sai na ji ta, kuma tana ɓata min rai. Masu koyar da gyaran hoto cikin kwana uku suna gaya wa yara cewa danna Image, Mode, 16 Bits yana ƙara wa hoto inganci. Ba haka ba ne. Ruwan kofi ɗaya, ko a randa ka juye shi, kofi ɗaya ne. Launin da kyamara ta zubar lokacin da ta haɗa JPEG ya tafi ke nan. Fayil ɗin dai zai ninka nauyi, kwamfutarka ta riƙa jan ƙafa. Amfaninsa kaɗan ne: in ka mayar kafin ka fara gyara, ɓarnar da gyare-gyaren za su ƙara tana raguwa. Har na ga masu tura yara 32-bit, wai babbar lamba ta fi! Wannan na aikin HDR ne, wato hoton da ke ɗauke da haske mai tsanani da duhu sosai a lokaci ɗaya, kuma da ka shiga, kayan aiki da yawa suna rufewa. Yaro ya sayi kyamara da gumin goshinsa, a hana shi sanin abin da ke cikinta, wannan zalunci ne.

Abin da ke cikinta shi ne RAW, ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, mai 12 ko 14-bit, wato mataki 4,096 ko 16,384. Ka riƙa ɗauka da shi, ka saita Camera Raw, sashen Photoshop mai buɗe irin wannan hoto, ya buɗe a 16-bit, ka ajiye aikinka a fayil ɗin TIFF ko PSD, masu iya riƙe 16-bit. Sai ka gama komai sannan ka fitar da JPEG.

Hotunan wannan bikin kuma, koma kan na asali, ka sassauta gyaran, ka zuba Noise, wato ƙananan ɗige-ɗige kamar yashi, ɗan kaɗan, kamar kashi 1 zuwa 2, a wurin da layin yake. In za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, don kada a matse shi layin ya dawo.