Tabbas kake nema? Ba a kasa shi a kasuwa

Wani matashi daga Unguwar Rogo a Jos, mai sayar da takalma a kasuwar Terminus, ya rubuto: "Baba, ina da naira miliyan 2 a ajiye tun farkon 2023. Ina son fara kai dankalin Turawa daga kasuwar Maikatako da ke Bokkos zuwa Abuja, amma ina jira farashi ya tsaya wuri ɗaya tukuna. Yanzu kuma ɗan kawuna ya ce in ba shi kuɗin ya juya, zai riƙa ba ni kashi 20 cikin 100 duk wata, babu faɗuwa. Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, kana ganin tambaya biyu ka yi, ni kuwa ciwo ɗaya na gani. So kake wani ya dafa ƙirji ya rantse maka ba za ka yi asara ba. Shi ya zaunar da kai shekara da shekaru, kuma shi ne yanzu zai miƙa ka ga ɗan kawunka.

Lokacin da ka fara jira, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, cikin kwanaki ta haura 500, a 2024 ta tsallake 1,000. Kuɗin mota ya bi ta, buhu ya bi kuɗin mota. Miliyan biyunka suna nan cif a takarda, amma je ka Maikatako ka ga buhu nawa za su ɗauko maka yau. Asarar da kake gudu ai ka riga ka yi ta, a kwance, ba tare da ka koyi komai ba.

Batun ɗan kawunka ba zan ɓata yawu sosai ba. Naira 400,000 duk wata, rani da damina? Wace haja ce wannan? Ka tambayi waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, tsarin nan mai alƙawarin riba duk wata da ya nutse da kuɗin mutane, yadda Disambar 2016 ta same su. Gara ma su, baƙo ne ya cuce su. Kai ranar da ka je bin kuɗinka, kawu ne zai tare ka a zaure ya ce kar ka ɓata zumunci.

Gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 ina gani da idona. Maƙwabtana biyu suka wayi gari babu ko ƙyalle. Ɗaya ya ce shi ba zai zubar da girmansa ba, sai an sake gina kasuwa ya koma rumfarsa. Ɗayan ya ranto tebur, ya kasa yadi goma sha biyu a bakin titin Ahmadu Bello, rana ta doke shi, ruwa ya kore shi, bai san abin da gobe za ta kawo ba. Yau yaransa uku ke tsare masa shaguna. Na farkon, Allah ya jiƙansa, yana jira ya rasu.

Kar ka ce na ce ka kwashi kuɗin duka ka yi lodi. Ware kashi ɗaya cikin biyar, wanda in ya salwanta za ka iya barci. Ka je da ƙafarka. A zazzage buhu a gabanka, domin manya a baki suke, ƙanana da masu tabo suna gindi. Tura hannu can ciki. In ka ji danshi ko ɗumi, bar shi ko da kyauta ne. Dankalin da ya saba da sanyin Bokkos, kwana biyu a zafin kasuwar Dei-Dei ta Abuja ya ishe shi fara wari. Ka shiga motar da kanka ta Akwanga da Keffi, da littafi a aljihu: kuɗin lodi, la'adar dillali, abin da aka miƙa a kowane shinge, buhun da ya ruɓe. Wataƙila tafiyar farko ka faɗi. Ni na faɗi a tawa, tumatir ne ma, na dawo da kwanduna da kunya.

Yi tafiya huɗu, ka turo mini hoton shafukan littafin mu duba tare. Ɗan kawun naka kuma ka gaishe shi, ka ce Baba na tambaya a wace kasuwa yake saro kayan nasa.